Yadda Ake Sa Motsi a Shafukan PowerPoint Don Kare Furojet Gaban Kwamitin Jarrabawa

Ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a kwalejin kimiyyar lafiya ta Jahun, ko ta jinya a Birnin Kudu, ko makarantar ungozoma ta Dambatta, ko kwalejin ilimi ta Gumel, ya san akwai ranar da zai tsaya shi kaɗai gaban malamai ya kare furojet ɗinsa. Kafin mutum ya riƙe lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ko na hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma, sai ya tsallake matakai da yawa, kuma tsayuwa gaban kwamiti tana cikin waɗanda suka fi ɗaga wa ɗalibai hankali. A wurare da yawa yanzu ba a tsayawa ga takarda kaɗai, ana so ɗalibi ya zo da shafukan PowerPoint a haska su a bango da majigi. Wannan jagora a kan ɓangare ɗaya take na wannan aiki: motsin da ake sa wa rubutu da zane, wanda yake sa layi ya bayyana, kibiya ta miƙe, hoto ya ɓace.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri, domin duk matakan da ke ƙasa a kansa aka ɗora su. Aikin motsi shi ne ya hana idon malami ya riga bakinku. Idan kuka haska manufofin bincike biyar a lokaci guda, kafin ku gama bayanin ta farko malamin ya karanta har ta biyar, ya fara rubuta tambayar da zai yi muku a kanta, abin da kuke faɗa kuwa ya wuce shi. Amma idan kowace manufa ba ta fitowa sai bakinku ya iso gare ta, kunnensa da idonsa suna wuri ɗaya. Kamar mai awon gero ne a kasuwa: tiya-tiya yake zubawa a buhu, mai saye yana ƙirgawa tare da shi. Duk motsin da ba wannan aiki yake yi ba, rubutu mai juyawa, hoto mai tsalle, sautin tafi, cire shi ya fi alheri. Richard Mayer, masanin yadda ake koyo a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a Amurka, ya daɗe yana gwada wannan a kan ɗalibai. Bincikensa ya nuna cewa ƙawar da ba ta da alaƙa da darasi tana rage fahimta, alamar da ke nuna wa mutum inda zai duba kuma tana ƙara ta.

Kafin ku taɓa motsi

Ku gama rubuta shafukan tukuna, malamin da ke duba muku aiki ya gani ya amince. Motsi a ƙarshe ake sa shi, domin duk lokacin da kuka goge akwatin rubutu kuka sa wani, motsin da ke kansa ya tafi tare da shi.

Sannan ku je sashenku ku yi tambaya: minti nawa ake bayarwa, da kwamfutar wa za a haska, kuma majigin wane iri ne? Tambayar ƙarshe tana da dalili. Tun daga PowerPoint na 2013, sabon shafi da faɗi yake buɗewa, wato 16:9, alhali tsofaffin majigai da yawa na 4:3 ne. Idan aka haska faffaɗan shafi da tsohon majigi, rubutu yakan ƙanƙance, baƙi ya rage sama da ƙasa. Ana canja wannan a sashen Design, a maɓallin Slide Size, kuma gara a yi tun yanzu, saboda canja girman shafi yana gusar da abubuwa daga inda aka ajiye su.

Da yawanku ba daga farin shafi kuke farawa ba. Wata yaya da ta gama bara ce take turo muku nata ta WhatsApp, ku goge rubutunta ku sa naku. Babu laifi a ciki, sai dai rubutun kawai kuka goge, motsinta yana nan yana jiranku. Ku share shi duka. A kowane shafi ku danna wurin da babu komai, ku danna Ctrl da A don a zaɓi duk abin da ke shafin, ku shiga sashen Animations ku zaɓi None. Daga nan ku shiga Transitions, ku zaɓi None, ku tabbata Sound yana kan No Sound, ku cire alamar da ke gefen After, ku danna Apply To All. Idan bayan wannan kanun shafi yana ci gaba da shigowa da gudu, motsin yana cikin uwar shafukan ne. Ku shiga View, ku buɗe Slide Master, ku cire shi a can.

Abubuwan da ke gabanku

Sassa biyu ne ɗalibai suke yawan haɗawa. Transitions shi ne yadda shafi gaba ɗaya yake kaucewa wani ya shigo. Animations kuwa na abubuwan da ke cikin shafi ɗaya ne. Na farkon ba ya buƙatar dogon tunani: ku bar shi babu komai, ko ku sa Fade ga duk shafukan, shi ke nan.

A cikin Animations motsi iri huɗu ne, kowane da launinsa. Masu koren tauraro na shigowa ne, masu ruwan ɗorawa na jaddada abin da yake kan shafi tun farko, masu ja na fita, sai na huɗu wanda ake zana wa abu hanya ya bi. A cikin wannan taro duka, uku za su ishe ku: Appear, wanda abu yake bayyana nan take, Fade, wanda yake fitowa a hankali cikin rabin daƙiƙa, da Wipe, wanda yake warware abu daga gefe ɗaya zuwa ɗaya. Biyun farko na rubutu da hoto, na ukun na kibiya da zanen alƙaluma. Ku zaɓi guda don rubutu ku tsaya a kansa daga shafin farko har na ƙarshe.

Kafin ku sa ko da motsi ɗaya, ku danna Animation Pane. Wani dogon akwati zai buɗe a hannun dama, inda ake jera duk motsin shafin daga na farko zuwa na ƙarshe. Wanda yake aiki ba tare da buɗe shi ba, lalube yake yi.

Rubutu layi bayan layi

Ku ɗauki shafin manufofin bincike. Ku danna cikin akwatin rubutun, ku zaɓi Fade, ku danna Effect Options ku tabbata an zaɓi By Paragraph. Za ku ga ƙananan lambobi 1, 2, 3 sun fito a gefen layukan. Kowace lamba dannawa ɗaya ce. Ku danna Shift da F5 don gwada wannan shafin kaɗai, ku danna Esc ku dawo.

Kanun shafi ba a sa masa motsi. Ya kasance yana nan da zarar shafi ya buɗe, don malami ya san inda aka iso. Haka kuma ba kowane jeri ne yake son a rarraba shi ba. Manufofi uku gajeru da za ku karanta cikin numfashi ɗaya, ku bar su su fito tare. Shawarwarin da ke ƙarshen furojet, waɗanda kowacce tana buƙatar jimla biyu ko uku na bayani, su ne suka cancanci a fito da su ɗaya-ɗaya.

Akwai wani ƙaramin gyara da nake so ƙwarai. A cikin Animation Pane, ku danna 'yar kibiyar da ke gefen motsin, ku buɗe Effect Options, ku nemo After animation, ku zaɓi launin toka. Duk lokacin da sabon layi ya fito, wanda ya gabace shi zai dusashe, sabon ya tsaya da baƙinsa. Sai dai ku kula da irin ɗakunanmu. Ajin da tagoginsa ba su da labule, rana ta take, majigi kuma ƙurar hunturu ta cinye masa haske, toka mai haske ɓacewa take yi a bango. Ku zaɓi mai duhu, ku je ƙarshen ɗaki ku duba da idonku. A irin wannan ɗaki, baƙin rubutu a kan farin shafi ne yake fita, kuma girman rubutu kada ya gaza 24. A wannan akwatin dai akwai inda ake sa rubutu ya fito harafi bayan harafi. Ku bar shi yadda yake, a kan All at once.

Zanen sakamako

Nan ne motsi ya fi biyan kuɗinsa, don haka zan ɗan daɗe a kai. A ce furojet ɗinku a kan zuwa awon ciki ne a wata mazaɓa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai juna biyu ta sadu da ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, maimakon huɗu da ake cewa a da. Kun raba matan da kuka yi wa tambayoyi gida huɗu: waɗanda ba su je ko sau ɗaya ba, masu zuwa ɗaya zuwa uku, masu huɗu zuwa bakwai, da waɗanda suka kai takwas. Kun yi zane mai sanduna huɗu.

Ku danna zanen, ku zaɓi Wipe, a Effect Options ku bar shi a From Bottom, don sanduna su taso daga ƙasa zuwa sama yadda ake karanta su. A ƙasan wannan jerin akwai Sequence. Ku zaɓi By Category, sai kowace sanda ta jira dannawarta. Yanzu ku koma Animation Pane, ku buɗe Effect Options na zanen, ku shiga Chart Animation, ku cire alamar da ke gefen Start animation by drawing the chart background. Da an cire ta, layukan zanen da sunayen rukunai za su kasance a shafi tun buɗewarsa, sanduna ne kawai babu.

Ku duba abin da wannan yake ba ku. Shafi ya buɗe, kun sami daƙiƙa goma kuna gaya wa kwamiti abin da ke kwance da abin da ke tsaye a zanen, da adadin matan da aka tambaya. Kun danna, sanda ta farko ta taso, kun faɗi adadinta da dalilan da matan suka bayar. Haka har ta huɗu. Idan ta huɗun ce gajeriya, kowa a ɗakin zai gani da idonsa a daidai lokacin da kuke faɗa, kuma daga nan shawarwarinku suke samun gindin zama.

Idan kwatanci kuke yi tsakanin ƙauyuka biyu, ɗaya kusa da asibiti ɗaya nesa, By Series ya fi dacewa: duk sandunan ƙauyen farko su fito tare, ku yi bayani, sannan na ƙauye na biyu su fito a gefensu. Zane mai layi, irin na adadin masu zazzaɓin cizon sauro wata bayan wata, Wipe daga hagu ake sa masa. Zane mai da'ira kuwa, wanda aka yanka kashi-kashi, ni na fi son a bar shi ya fito gaba ɗaya, domin ba a gane girman yanki sai an ga sauran.

Duk wannan yana yiwuwa ne idan zanen na gaske ne, wanda aka yi a PowerPoint ko aka kwafo daga Excel da alƙalumansa. Idan hotonsa aka ɗauka aka manna, kwamfuta abu ɗaya take ganinsa, ba za ta raba sandunan ba. Gara ku sake shi ta Insert da Chart. Lambobi huɗu ne za ku shigar.

Jadawali

PowerPoint ba ya fito da jadawali layi-layi, dunƙule yake ɗaukarsa. Wasu sukan rufe layukan da fararen akwatuna, su riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya. Ban ba da wannan shawara ba, domin ranar da aka buga shafin a takarda ko aka mayar da shi PDF, akwatunan suna nan sun rufe alƙalumanku.

Ku bar jadawalin ya fito duka, ku ja hankali zuwa layin da kuke so. Ta Insert da Shapes ku zana akwati a kan layin, a Shape Fill ku zaɓi No Fill don cikinsa ya zama fanko, a Shape Outline ku sa ja mai kauri 3, ku ba shi Fade. Idan akwai layi na biyu da za ku nuna, ku zana masa nasa akwatin. Don na farko ya ɓace sa'ad da na biyu ya fito, sai an ƙara masa motsin fita, kuma nan ne mutane suke tuntuɓe. Idan abu yana da motsi kuka sake zaɓar wani daga babban jerin, sabon yana maye gurbin tsohon ne. Ƙari ana yin sa da maɓallin Add Animation. Ku danna akwatin farko, ku danna Add Animation, ku zaɓi Fade mai jan tauraro, ku ja shi a Animation Pane ya zauna ƙarƙashin shigowar akwati na biyu, ku canja Start ɗinsa zuwa With Previous.

Kibiyoyi da matakai

Wannan Start ɗin zaɓi uku gare shi. On Click yana jiran hannunku. With Previous yana tafiya tare da motsin da ke samansa. After Previous yana jira na samansa ya gama, sannan ya fara da kansa.

Misali, kuna bayanin yadda allurar rigakafi take tafiya cikin sanyi, tsakanin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos: daga ma'ajiyar jiha zuwa ta ƙaramar hukuma, zuwa firjin sola na asibitin mazaɓa, zuwa akwatin sanyin da ma'aikaci yake ɗaurewa a babur ya shiga rugage. Akwati huɗu, kibiya uku, abu bakwai ke nan. Idan kowane yana jiran dannawa, sau bakwai za ku danna a shafi ɗaya. Ku bar akwatin farko babu motsi. Kibiya ta farko ku ba ta Wipe daga hagu a kan On Click, akwati na biyu Fade a kan After Previous. Haka za ku yi wa sauran. Dannawa uku ta gama shafin, kuma kowace dannawa mataki ɗaya ce a bayaninku. Za ku lura kibiya da akwatinta lamba ɗaya suke ɗauke da ita, alamar sun zama tafiya ɗaya.

Idan akwati yana da hoto da rubutu a haɗe, ku zaɓe su tare ku danna Ctrl da G su zama abu ɗaya, amma ku yi haka kafin sa motsi, domin haɗawa tana goge motsin da aka riga aka sa. Sunayen da ke Animation Pane kuma, irin su Rectangle 7 da Arrow 12, ba sa gaya wa kowa komai. Ku danna Alt da F10, jerin abubuwan shafin zai buɗe, ku danna kowane suna sau biyu ku rubuta "jiha", "ƙaramar hukuma", "kibiya 1". Ranar da tsari ya rikice, cikin minti ɗaya za ku gano inda aka kauce. Idan kun gyara motsi ɗaya ya yi yadda kuke so, Animation Painter yana kwafe shi zuwa wani abu, ba sai kun sake bin matakan ba.

Tsawon kowane motsi, wato Duration, ku bar shi a rabin daƙiƙa. Delay ku bar shi sifili. Wasu suna jera After Previous da jinkirin daƙiƙa biyar-biyar don shafi ya riƙa tafiya da kansa. Da malami ya katse ku da tambaya, shafin ba zai jira ba.

Ga masu shirin jarrabawar shaidar ƙwarewa ta kamfanin Microsoft, wato Microsoft Office Specialist ta PowerPoint kuwa, wadda ake rubutawa ta cibiyoyin Certiport cikin minti 50, ana neman maki 700 cikin 1000, lissafin ya bambanta. Can ba kwamiti ne yake sauraronku ba, umarni ake ba ku ku aiwatar a kan kwamfuta, kuma sa motsi da sauyin shafi yana cikin manhajar. Dole ku iya har waɗanda na ce a guje musu, musamman zana wa abu hanya, da sake jerin motsi, da saita lokaci daidai yadda tambaya ta ce.

Ƙirga dannawa, sannan atisaye

Ku ɗauki takarda ku rubuta lambar kowane shafi da adadin dannawarsa. Idan minti 10 aka ba ku, kuna da shafi 12, kowane da dannawa biyar, dannawa 60 ke nan, ɗaya a kowace daƙiƙa goma. Hankalinku zai koma kan yatsa, ya bar abin da kuke faɗa. A ganina, a irin wannan gabatarwa shafi uku ko huɗu ne suke buƙatar motsi: sakamako, zanen matakai idan akwai, da shawarwari. Shafin take, gabatarwa, hanyar bincike da godiya, su tsaya cik.

Atisaye a tsaye ake yin sa, da murya a sama, da agogo. Ku tara ƙannenku ko abokan ɗaki su zauna a matsayin kwamiti, ku ce su katse ku da tambaya a tsakiyar shafi. Tsarin da za ku saba wa hannunku shi ne: ku fara jimla, ku danna, ku ƙarasa kuna kallon mutane. Kada ku danna sannan ku juya kuna karanta bango don ku tuna abin da ya fito.

A sashen Slide Show akwai Rehearse Timings, wanda yake ƙirga muku lokacin kowane shafi. Yana da amfani, amma a ƙarshe zai tambaye ku ko ya ajiye lokutan. Ku ce No. Idan kuka ce Yes, ranar jarrabawa shafuka za su riƙa wucewa da kansu bisa saurin da kuka yi a ɗaki. Wanda ya riga ya ajiye, ya cire alamar da ke gefen Use Timings a wannan sashen.

Kwamfutar da ba taku ba

Yawancin ɗalibanmu ba su da laftof. A shagon kwamfuta na cikin gari ake haɗa shafukan, ko a ari ta wani malami da daddare, ko a yi a waya da WPS Office ko Google Slides. Ranar jarrabawa kuma wata kwamfutar ce dabam za ta buɗe fayil ɗin. Wannan ma dalili ne na tsayawa a kan Appear da Fade da Wipe, domin tsofaffi ne, duk PowerPoint ɗin da za ku tarar ya san su. Morph, wanda yake sa abu ya zame daga shafi zuwa shafi yana canja girma, yana da kyau, amma sai a PowerPoint na 2019 zuwa sama ko Microsoft 365 ake iya haɗa shi. Kwamfuta mai na 2013 ko na 2010 Fade kawai za ta nuna a madadinsa. Kada ku ɗora wani muhimmin bayani a kansa.

Mai waya kaɗai yana da hanyar da ba ta buƙatar motsi sam. Ku haɗa shafin cikakke da layukansa huɗu, ku kwafe shi ya zama huɗu. A na farko ku goge layi uku na ƙasa, a na biyu ku goge biyu, a na uku ɗaya. Idan kuna wucewa daga shafi zuwa shafi, mai kallo layi yake gani yana ƙaruwa. Wannan yana aiki a kowace kwamfuta, har a PDF. Sharaɗinsa kada ku gusar da komai bayan kwafewa, kuma idan sashenku ya ƙayyade yawan shafuka, ku tambaya tukuna.

Ku ajiye aikin kashi uku: fayil ɗin PowerPoint, da PDF ɗinsa, da bugu a takarda, shafi shida a fuska ɗaya, gwargwadon yawan malaman kwamiti da ƙarin ɗaya naku. PDF ba ya ɗaukar motsi, komai na shafi a lokaci guda yake nunawa, don haka ku buɗe shi ku duba ko akwai inda abu ya hau kan abu. Fayilolin kuma su kasance a filash da kuma a wayarku. Filash ɗin da ya zaga shagunan kwamfuta yakan kwaso bairos mai ɓoye fayiloli, kuma gaban kwamiti ba wurin gano haka ba ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku nemi izini ku gwada fayil ɗin a ainihin kwamfutar da majigin da za a yi amfani da su, ana gobe ko ana jibi. Ku duba bakin wayar majigin. Idan mai shuɗin kai ce mai ƙusoshi, wato VGA, laftof ɗin kuma HDMI kaɗai gare ta, sai an nemo mahaɗi, kuma ba kowane gari ake samunsa ba.

A cikin ɗakin

Bayan an haɗa waya, ku danna maɓallin Windows da P. Duplicate yana nuna abu ɗaya a kwamfuta da bango. Extend yana ba ku damar amfani da Presenter View, inda ku kaɗai kuke ganin agogo, da bayananku, da abin da dannawa ta gaba za ta fito da shi. Idan kun saba da shi a atisaye, ku yi amfani da shi. Idan ba ku taɓa gwadawa ba, ku tsaya a Duplicate. F5 ne yake fara nuni daga shafin farko. Dogon maɓallin ƙasa ko kibiyar dama suna kai ku gaba, kibiyar hagu tana mayar da ku baya da mataki ɗaya. Idan hannu ya yi rawa kun danna sau biyu, ku danna kibiyar hagu sau ɗaya ku ci gaba da magana, ba sai kun ba da haƙuri ba.

Lokacin tambayoyi yana da nasa shiri. Malami zai ce, "Koma mana jadawalin shekarun matan nan." Kada ku tsaya kuna komawa baya mataki-mataki ta cikin duk motsin da kuka wuce. Ku rubuta lambar shafin ku danna Enter, zai kai ku kai tsaye. Abin da ya fi ma, ku kwafe shafukan sakamako ku ajiye su bayan shafin godiya, ku cire musu motsi gaba ɗaya, ku danna dama a kan kowane ku zaɓi Hide Slide. Ba za su fito a nuni ba sai kun kira su da lamba. Ku rubuta lambobinsu a bayan takardarku. Idan tambayar ba ta shafi abin da ke bango ba, ku danna B, bango ya yi baƙi, ido ya dawo kanku. Ku sake danna B ya dawo.

Wani lokaci shugaban kwamiti yakan ce, saboda yawan ɗalibai, minti biyar kawai za a ba kowa. Ku shiga Slide Show, ku buɗe Set Up Slide Show, ku sa alama a Show without animation. Kowane shafi zai fito cikakke, motsinku kuma yana nan a fayil bai goge ba.

Idan aka ɗauke wuta kuna tsakiyar bayani, majigi ne zai mutu, laftof mai caji tana nan da ranta. Ku ce, "Ranku ya daɗe, a ba ni izini in ci gaba da takarda," ku miƙa wa kowane malami bugun da kuka zo da shi, ku faɗi lambar shafin da kuke kai, ku ɗora daga jimlar da kuka tsaya. Idan an tayar da janareta kafin ku gama, majigi yakan ɗauki ɗan lokaci kafin haskensa ya dawo. Ku ci gaba da takarda har ƙarshen shafin da kuke kai, sannan ku rubuta lambar na gaba ku danna Enter.